Kunne da Fitilar Modem

Sunansa na gaskiya yana nan a jikin katin shaida, amma ko matarsa sai ta ɗan yi shiru kafin ta tuno shi. Kunne kowa ke ce masa. Yara su ce Kawu Kunne, mai son a yi masa aiki da sauri ya ce Injiniya Kunne, shi kuwa duk amsawa yake, har da injiniyan, alhali a aji uku na sakandare ya sauka daga motar karatu bai ko waiwaya ba. Kunnuwansa ba su da laifi wajen girma, a faɗi gaskiya, amma ba su suka jawo masa sunan ba. Ya samo shi ne tun zamanin da modem ke kuka.

E, kuka. Yaran yanzu in ka gaya musu sai su ɗauka zolaya ce. Modem na wancan lokaci akwati ne kamar ƙaramin littafi, kuma wayoyi uku ke riƙe da ransa. Ta farko ta wuta. Ta biyu siririya, daga bango take fitowa, layin tarho ke nan. Ta uku mai kauri, mai faffaɗan kai da 'yan kusoshi biyu da ake murzawa da yatsa, ita ke tashi daga modem ta shiga bayan kwamfuta. Kwamfuta ba ta jin yaren layin tarho, layin tarho ba ya jin na kwamfuta, sai modem ya zauna a tsakiya yana tafinta. In ka danna, ya buga lamba, can wani modem ya ɗauka, sai su fara: ƙiiii, garrr, tin-tin-tin, shuuu. Kamar an take wutsiyar kyanwa a cikin rediyo.

"Ku yi shiru, gaisawa suke," Kunne zai ce, ya ɗaga yatsa. "Wannan ya ce ina kwana. Wancan yana tambayar iyali. Yauwa, sun zo kan gajiya."

Daga wannan gaisuwa yake gane komai. In muryar ta dishe, ruwan sama ya shiga waya a waje. In ta katse a tsakiya, wani ne ya ɗaga tarho a ɗaya ɗakin zai kira budurwarsa. In kuwa modem ya yi gum bai ko buga lamba ba, to an soka wayar bango a ramin da ba nata ba, don ramuka biyu ne a baya masu kama da juna kamar hancin mutum, ɗaya na bango, ɗaya na tarho. Tun daga bakin ƙofa yake faɗin ciwon, kafin ya ajiye jakarsa.

Mutane suka ce baiwa ce. Baiwar tana nan, amma akwai abin da ya tura shi gare ta, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Kunne ba ya bambance ja da kore. A idonsa duk abu ɗaya ne, wani launi mai kama da shayin da ya huce. Ya gane haka sosai ne yana saurayi, ranar farko da ya bi masu ja wa mutane layin tarho. Shugaban aiki yana saman tsani ya ce, "Miƙo ja." Kunne ya miƙa. Sai ga rankwashi ya sauko daga sama tun kafin mai shi ya sauko. Daga ranar ya daina dogara da ido. Ya koyi ƙirga wayoyi daga hagu, ya koyi yi musu alama da haƙori, ya koyi kara abin sauraro a kunne ya ji wacce ke da rai. Abokan aikinsa suna ce masa mai iyayi, shi kuwa tsira yake nema.

Da wansa ya buɗe shagon intanet, kwamfuta takwas a jere da injin fotokwafi a lungu, Kunne ya dawo wurinsa. Yaya shi ne mai shago, mai tebur da maƙullai da tabarau. Kunne shi ne mai doguwar kujerar katako kusa da kantar kaya, da sukundireba mai naɗin salatif a ƙota, da gwangwanin biskit cike da wayoyi waɗanda shi kaɗai ya san kan kowacce. Shekara goma sha tara yana kan kujerar nan, har katakon ya ɗauki siffar mai zama.

Modem kuwa bai tsaya jiransa ba. Aka zo da wani ɗan mitsitsi kamar yatsa, a buɗe bayansa a saka sim, a soka shi a gefen kwamfuta. Ranar farko sai an jira shi ya zuba manhajarsa a ciki, abin da Kunne ke kira gabatar da kai. Bayan shi aka zo da farin akwati mai ƙahoni biyu, shi ma da sim, wanda ake haɗa shi da kwamfuta da waya mai kan roba, in ta zauna a raminta ta ce ƙas. Mai wayar hannu ma ba ruwansa da wannan, ta iska yake kamawa. Duk sun fi na da sauri, babu musu. Amma ba mai cewa uffan a cikinsu.

"Ba tarbiyya," in ji Kunne. "Abu ya shigo gidan mutane ko sallama."

Abin da ya fi tarbiyyar damunsa shi ne yadda suke magana da fitila. To amma Allah ya taimake shi, farin akwatin da suka daɗe da shi in ya rasa layi fitilarsa ƙiftawa take. In kuma ya je gyara a wani ofis ya tarar da mai canza launi, yana da dabara. Sai ya harɗe hannu, ya kira wanda ke kusa.

"Ke 'yar makaranta, zo in gwada ki. Fitilar nan me take cewa?"

"Ja ce, Kawu."

"Madalla, kin ci. Haka ake so, mutum ya riƙa lura."

Da wannan har suna ya yi na mai son koyar da jama'a. Wata uwa ta taɓa tare shi a hanya tana yi masa godiya.

Ranar da abin ya zo masa wuya, Laraba ce. Ranar Talata da yamma an kawo wuta da ƙarfi, tsohon farin akwati ya yi ɗan hayaƙi ya tafi inda ba a dawowa. Yaya ya tafi da kansa ya sayo sabo, baƙi, mai sheƙi, da fitilu huɗu a goshi. Da safe shi ya saka masa sim da hannunsa, ya taka kujera ya ɗora shi a saman kanta, ya sauko yana haki.

"Kar a taɓa," ya ce. "Ɗan kamfanin da ya sayar mini ya ce in aka yi masa taɓe-taɓe ba ruwansu. Naka daga waya ne zuwa ƙasa."

Kuma ranar ce wata shugabar makaranta ta kama kwamfutocin takwas gaba ɗaya. Ƙarfe sha biyu za ta zo da malamanta su cike wani fom da ake rufewa a ranar. Saboda ita Yaya ya sakaya ƙofa, ya ce ba a karɓar kowa. Shago ya zama daga Yaya sai Kunne sai fanka.

Ƙarfe tara Kunne ya gama jone-jone. Waya daga modem zuwa ɗan akwatin da ke raba layi, daga can wayoyi takwas, kowacce zuwa bayan kwamfutarta. Ya buɗe shafin intanet. Shafi ya yi ta juya ɗan zobensa, ya juya, ya juya, sannan ya ce babu.

Ya ɗaga kai ya dubi fitilun. Huɗu, duk a kunne, ba mai ƙiftawa. Ta uku ita ce ta intanet, hoton ƙwallon duniya ne a ƙasanta. In koriya ce, modem ya kama layi, laifin yana tsakaninsa da kwamfuta. In ja ce, laifin yana can cikinsa ko a waje. Ita kuwa ta kafe shi da ido, launin shayin da ya huce. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ba 'yar makaranta, ba masinja, ba ko mai tallar gyaɗa.

Sai Yaya.

"Yaya, daga nan kana hango fitila ta uku? Ni hasken taga yana kashe mini ido."

Yaya ya ɗago. Ya gyara tabarau. Ya cire shi ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya ɗau lokaci kamar mai karanta takardar kotu.

"Koriya ce."

"Koriya?"

"Shar. Zan sayo abu sabo dal ya zo yana yi mini ja? Duba wayoyinka dai."

Kunne ya duƙufa. Ya zare babbar wayar ya hura ramin, ya mayar, ta ce ƙas. Babu. Ya zazzage gwangwanin biskit ya ɗauko wata. Babu. Ya tsallake akwatin raba layi, ya haɗa modem kai tsaye da kwamfuta ta farko. Babu. Ya kashe ta ya kunna, ya kashe ya kunna, har ta fara yi masa kallon raini. Ya rarrafa ƙarƙashin tebura takwas ɗin nan, ya fito da yanar gizo a gashi, da biro uku, da takalmin yaro ƙafa ɗaya wanda ba a san mai shi ba.

Wajen sha ɗaya saura ya ciro wayarsa ta hannu ya kama modem ta iska. Ta kama nan take, amma shafi ya ƙi buɗewa. Ba waya a tsakani, ba rami, ba kwamfuta, kuma babu. Ashe duk rarrafen nan a banza ya yi shi. Ciwon yana saman kanta.

To ta ina zai faɗa? A gidansu in Yaya ya ce rana ta fito daga yamma, cewa ake, "Ai kuwa ga ta can." Kuma in ya ce ja ce, Yaya ya ce zo ka nuna mini, ta zamana koriyar ce fa? Abin da ya binne tun yana saurayi ya fito fili ke nan, kuma wa zai bar mai irin wannan ido a kan wayoyi?

Ya bi ta bayan gida.

"Yaya, sim ɗin nan kuwa ya zauna daidai?"

"Ni na saka shi."

"Na sani, ina nufin ko ya..."

"Da hannuna na ce maka. Shekarata nawa ina saka sim kana goyo?"

"Yaya, ina goyo ba a ƙirƙiro sim ba."

"To ka ga ma na riga shi zuwa."

Sha ɗaya da kwata Yaya ya fara zagaye shagon, maƙullai na kaɗawa a aljihu. Ya dubi agogo, ya dubi ƙofa, ya dubi ƙaninsa da ke zaune a ƙasa cikin tarin wayoyi kamar kifi a raga.

"Kunne, bari in gaya maka, ba da wasa ba. Yaron kamfanin nan ya ce duk wata zai riƙa zuwa yana duba mana komai, ba sai mun ajiye mutum a kan kujera ba. Na ce masa ina da ɗan'uwa. In sha biyu ta buga matar nan ta tarar da mu haka, shi zai karɓi aikin. Kai ka koma kan fotokwafi."

"Fotokwafi, Yaya? Maɓalli ɗaya?"

"Biyu ne. Akwai na kashewa."

Ya fita waje yana latsa waya, Kunne yana jin sa yana yi wa yaron kamfanin kwatance: "Ka wuce kantin magani, ƙofa ta uku."

Da ya ga ba kowa, Kunne ya jawo kujerarsa ya taka. Bai taɓa modem ba, an ce kar a taɓa. Kunnensa kawai ya kara a jikin robar, ya rufe ido. Ɗumi ya ji, sai ƙarar fanka daga nesa. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, tsaye a kan kujera, yana roƙon akwati ya ce masa ko da tin ɗaya. Akwati ya yi mirsisi.

A haka matar Yaya ta same shi. Tela ce, shagonta na jikin nasu, kowa Anti yake ce mata har mijinta in ya manta. Ta turo ƙofa da ƙafa, tef a wuya, allurai biyu a baki, ta zo aron soket za ta jona dutsen guga. Yaya na biye da ita.

"Ƙanina, sauko kar ka karye a bar ni da jinya," ta ce, bayan ta zare alluran. Sai ta ɗaga kai. "Au, har yanzu fitilar taku ja ce? Tun da safe da na leƙo take haka kamar idon mai mura."

Yaya ya gyara tabarau.

"Yanzu ta koma," in ji Yaya.

"Yanzu ina? Kana ɗora shi ina tsaye a nan. Ja ta kama, ja take."

Kunne ya sauko a hankali. Ya dubi wansa. Wansa ya dubi silin kamar yau ya fara ganinsa.

"Yaya, shar ka ce."

"Kai da kake da ido me ya sa ka tambaye ni?"

"Na ce maka taga..."

"Wace taga?" in ji Anti. "Ni na ɗinka labulen nan, ko rana ba ta ratsa shi."

Ta sa hannu a aljihun rigar aikinta ta ciro zare biyu, ta ɗaga ɗaya a kowane hannu.

"To, ku zo in gwada ku. Wanne ne ja?"

Kunne ya nuna na hagu. Yaya ya yi tsaki irin na wanda ƙaninsa ya ba shi kunya, ya nuna na dama.

"Duka biyun kore ne," ta ce.

Ta zauna a kan kujerar kwamfuta ta biyu, ta yi dariya har tef ya zame daga wuyanta. Ta nuna mijinta ta kasa magana, ta nuna Kunne ta sake fashewa.

"Shekara ashirin da biyu, wa kake tsammani yake jera maka safa? Kai kuma, ni da matarka mun daɗe da gama dariyarku. Cewa muka yi bari mu ga ranar da za ku tambayi juna. Ashe yau ce, da na sani da na kira ta."

"Anti, sha biyu saura kwata," in ji Kunne.

"To me kake jira, Injiniya?"

Ya dubi Yaya. Yaya ya ɗaga hannu ba tare da ya dube shi ba, alamar ɗauko. Kunne ya sauko da modem, ya zare masa wuta, ya kifa shi, ya buɗe 'yar ƙofar da ke gefe. Ga sim nan ya leƙo da rabin jiki, an tura shi ta baya, yankakkiyar kusurwar tana kallon waje.

"Da hannunka, Yaya?"

"Yi aikinka."

Kunne ya zaro sim ɗin ya juya shi ya tura da farce har ya shige, ya rufe, ya mayar da wuta. Daga nan ba wanda ya ƙara kallon fitila a cikin su biyun. Fuskar Anti suka zuba wa ido, manya biyu, kamar masu jiran sakamakon asibiti.

"Ja," ta ce. "Ja. Ja dai. Ku daina kallona haka, ba ni ke kunna ta ba. Ja... to, koriya."

"Shar?" in ji Kunne.

"Shar ta gaskiya."

Shafi ya buɗe a kwamfuta ta farko tun kafin zoben ya gama juyi ɗaya. Kunne ya mayar da waya cikin akwatin raba layi, ya bi sauran bakwai da gudu yana dannawa, Yaya yana tura tarin wayoyi ƙarƙashin tebur da ƙafa. Sha biyu saura minti huɗu shugabar makaranta ta shigo da malamanta a jere, ta dubi shagon sama da ƙasa, ta ce ita tana son wurin da aka san aiki.

"Ai mu nan sai a hankali," in ji Yaya.

Sha biyu da minti ashirin ɗan kamfanin ya iso a kan babur, da jaka a baya da kati a wuya. Kunne yana kan kujerarsa yana naɗe waya, amma rabin hankalinsa na bakin ƙofa. Yaya ya tare saurayin tun bai cire hular kwano ba.

"An gyara. Yi haƙuri, na taso ka."

"Me ya same shi, ranka ya daɗe?"

"Wani ne ya saka sim a juye."

"Wa?"

"Ana bincike."

"To maganar zuwa duk wata fa?"

"Muna da injiniyanmu."

Babur ya tafi. Yaya ya dawo, bai koma teburinsa ba. Ya jingina da kanta kusa da ƙaninsa, yana kallon bayan malamai takwas da ke ta fama da madannai. Ya yi ƙasa da murya.

"Kai tun yaushe?"

"Tun da na buɗe ido. Kai fa?"

"Ka tuna motar da na sayar bayan wata biyu, na ce tuƙi yana sa mini ciwon baya?"

"Fitilar kan titi?"

"Ɗan sanda ya biyo ni har gida."

Kunne ya toshe baki da hannu, yana danne dariya. Yaya ya harare shi, amma hararar ba ta da ƙashi.

"Kujerar taka ce. Amma in na ji maganar nan a bakin wani, wallahi korarka zan yi."

"Haba Yaya. Kai da ba ka ganin kore, ta yaya za ka kore ni?"

Yaya ya ɗaga hannu zai kai masa rankwashi, sai wata malama daga kwamfuta ta shida ta waiwayo.

"Injiniya, linzamin nan ya daina motsi."

Kunne ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashin hannun, ya ɗauki sukundirebarsa ya nufe ta.